Taurarin da Tofazzal Ya Ƙara

Tofazzal yana dama jan fenti a murfin gwangwani lokacin da 'yarsa Shiuli ta sake komawa kan sassan fure, karo na uku a safiyar. Tana zaune a tabarma, bayanta jingine da ƙafar gado, ido a rufe, tana kaɗa jiki kamar mai tilawa. Aikinsa shi ne riƙe littafi. Ya ɗora shi a gwiwa, yana gyaɗa kai a wuraren da ya ga ya kamata uba ya gyaɗa kai.

"Na yi daidai, Abba?"

"Ko wanda ya rubuta littafin bai kai ki ba, Mamana."

"Ai ba shafin kake kallo ba."

"Na wuce shi ne don na san kin iya."

Gobe da ƙarfe goma za ta zauna jarrabawar bayoloji, karo na biyu. Bara ta ci komai ta faɗi wannan ɗaya, aka ce ta dawo bana ta gyara. Karo na uku kuwa babu shi. An riga an gama magana a gidan: ƙanwar uwarta da ke ɗinkin riguna a wata masana'anta a Gazipur ta ce za a riƙe wa Shiuli gurbi a layinsu har sakamako ya fito. Jobeda, uwar, ta amsa. Tofazzal ya tashi ya yi dogon jawabi a kan ilimin 'ya mace, sai Jobeda ta tambaye shi riksho nawa, wato kekunan haya masu ƙafa uku, aka kawo masa ya zana a watan. Nan jawabin ya ƙare.

Sama da gadon akwai takardar hasashe, manne da ƙusoshi huɗu. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tsaya ya kalle ta. Jerin tambayoyin da Malam Bimal, malamin lesin da ya fi kowa suna a unguwar, yake zaton za su fito bana ne. Ɗalibansa kaɗai yake ba wa, Shiuli kuma ba ta cikinsu. Makonni shida da suka wuce Alhaji Mobarak, mai riksho arba'in, ya ara wa Tofazzal ta 'yarsa na awa guda. Akwai injin fotokofi a shagon da ke manne da nasa, taku biyar. Amma wannan shagon ne yake buga hotunan bayan riksho da na'ura, ɗawisu da masallaci da damisa duk cikin minti goma, shi ya kwashe masa aikin shekara talatin, kuma Tofazzal ya rantse ƙafarsa ba za ta taka ciki ba. Ya samo farar takarda babba, ya zaɓi buroshi mafi siriri, ya kwafe ta da hannunsa. Ya zagaye ta da furen bado.

"Kada ka shigo mini da ƙwai gidan nan," Jobeda ta ce daga bakin murhu, ganin yana saka takalmi. "Ko an ba ka kyauta."

Mako guda ke nan ta hana ƙwai, don kada yarinya ta ci abu mai kama da sifiri ta je ta kwaso shi a takarda.

"Wa zai ba ni ƙwai kyauta, Maman Shiuli?"

"Na dai faɗa. Kai abin da aka hana ka ne kake samu."

A shago babu komai sai allon kwano guda na bayan riksho, wanda ya shafa wa farin fenti tun shekaranjiya yana jiran mai so. Ya zauna yana kallonsa, injin maƙwabci yana ta kuka ta cikin bango. Wajen hantsi Alhaji Mobarak ya biyo, ba da aiki ba. Ya zo shan shayi ne, da kuma yi wa wani ƙorafin 'ya'ya.

"Tawa ba ta barinmu mu sarara," ya ce, yana hura kofi. "Zuciya, zuciya, ɗaki huɗu, jini ya shiga nan ya fita can. Ni da na yi shekara sittin da zuciyar ban taɓa leƙa ɗakunanta ba. Taka fa? Ta gama masu taurari uku?"

"Tuni. Fure kam ko a barci."

"Wane fure kuma? Fure ai tauraro ɗaya ne. Tawa ta ce ko buɗe shi ba za ta yi ba."

Tofazzal ya yi murmushi irin na wanda ya fi sani. "Ai tauraro ado ne, Alhaji."

Alhaji ya sauke kofin a hankali. "Mai fenti, wasa kake?"

"Wane irin wasa?"

"Mai uku, lallai zai fito. Mai biyu, mai yiwuwa. Mai ɗaya, in lokaci ya ragu. Don taurarin nan muke tura yaran wurinsa. Tambayoyin ai suna cikin kowane littafi." Ya ƙura masa ido. "Kai da ka kwafe ta, me ka kwafa?"

Tofazzal ya tuna ranar sarai, domin ba ya manta tsarin abin da hannunsa ya taɓa zanawa. Ya ga taurarin a ƙarshen layuka, an watsa su ba tsari: dogon layi da ya riga ya cika ga taurari uku sun cushe a gefensa, gajeren layi kuma ga fili fetal an ba shi ɗaya tal. Har tausayin malamin ya ji, mutum mai ilimi amma ba ido. Sai ya gyara masa. A sana'arsa ba a barin fili, wannan shi ne abu na farko da maigidansa ya koya masa da bayan buroshi a kan yatsu. Gajerun layuka, fure da ƙashi da ƙoda da iri, ya cike su da taurari uku-uku har suka kamo gefe. Dogayen, irin su zagayawar jini da aikin zuciya, da yadda 'ya'ya suke gadon halittar iyaye, ba su da wurin tauraro, ya bar su haka. Gefen dama ya fito a miƙe kamar an ja zare.

Makonni shida Shiuli tana cewa, "Yau masu taurari uku zan yi." Makonni shida shi kuma yana jin daɗi a ransa, yarinya ta san aikin hannu mai kyau.

"Ba ka da lafiya ne?" Alhaji ya tambaya.

"Lafiya lau. Ina Malam Bimal yake koyarwa?"

Hawa na uku ne, saman wani kantin magani. Takalma sun cika matakala tun daga hawa na biyu. Tofazzal ya tsaya a cikinsu kusan awa guda, yana jin murya arba'in suna maimaita hanyar jini daga zuciya zuwa huhu, har aka sallami ajin. Malam Bimal ɗan siriri ne, alli ya yi masa fari har gwiwar hannu. Ya saurari labarin yana cin busasshiyar shinkafa daga ƙunshin jarida. Da aka kai wurin gyaran gefe, ya daina tauna.

"Ka gyara mini," ya ce.

"Na gyara, Malam."

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. An sace takardata, an sayar da ita, wani ma ya goge sunana ya sa nasa. Ba a taɓa yi mata kwalliya ba sai yau." Ya tura masa ƙunshin jaridar, Tofazzal ya girgiza kai. "Faɗa mini waɗanda ka ba uku."

Ya lissafa masa, da tsarinsu daga sama zuwa ƙasa. Malamin yana ji yana duban silin.

"Ƙoda tana iya fitowa. Fure ya fito bara, ba ya zuwa shekara biyu a jere, sai dai in mai tsara tambayoyin yana da ɗiya irin taka. Tambaya biyar za ta amsa. In biyu suka faɗo cikin abin da ta sani, kuma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, za ta iya tsallakewa da ƙyar. In ɗaya ce..." Ya kakkaɓe hannu.

"Ba abin da za a iya yi kafin gobe?"

"Shafi sittin ne, ɗan'uwa. Nawa sun yi wata biyu a kai, rabinsu har yanzu suna kai jini ciki maimakon huhu." Ya jawo aljihun tebur ya zaro takarda guda. "Karɓi. Ta fara da zuciya. In ta iya zana ta da sunayen sassanta, maki ne a hannu. Kuma don girman Allahnka da nawa, ka kai ta yadda take."

Fotokofi ce, baƙa-baƙa, a karkace, da tabon yatsan wani a kusurwa. Mummunar takarda. Tofazzal ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji.

Bai hau komai ba, ya taka da ƙafa. Riksho suna ta wuce shi, kowanne da hoton na'ura a baya, ɗawisu iri ɗaya sak, gashin jela iri ɗaya. A hanya ya gwada shirya ƙarya. Zai ce Malam ya canja hasashe a ranar ƙarshe, ai malamai suna yin haka. Ƙaryar ta zauna daidai, ba inda take rawa. Ya biya ta shago ya ɗauki farin allon da gwangwanin ja da na shuɗi, bai ma san dalilin ɗaukarsu ba, ya rufe ƙofa tun kafin la'asar.

Ya tarar da Jobeda tana yanka kifi a bakin ƙofa. Shiuli tana wurin da ya bar ta, ta koma kan ƙashi.

"Har ka tashi?" Jobeda ta ce. "Ko aikin ne ya yi yawa ka gudo?"

Ya wuce ta, ya durƙusa a gefen tabarma, ya miƙa wa Shiuli takardar. Ta buɗe. Ta duba ta, ta ɗaga kai ta dubi ta bango, ta sake dawowa. Leɓenta yana motsi, tana ƙirga.

"Wannan ta bana ce?"

"Ta bana ce."

"To waccan fa? Malam ya canja ne?"

Ga ƙofar nan ta buɗe masa da kanta. Ya dubi furen badon da ya zagaye takardar bango, kowane ganye da inuwarsa.

"Bai canja ba. Ni na raba taurarin. Na ɗauka ado ne."

Wuƙar Jobeda ta tsaya. Ya jira ta yi magana, ya ma shirya mata wuya, sai ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka ɗaura musu aure: ta miƙe ta bar shi a durƙushe. Ta wanke hannu, ta shigo, ta jawo akwatin kwano daga ƙarƙashin gado. Ta fito da takardar haihuwar Shiuli da ƙananan hotunanta biyu, waɗanda ƙanwarta ta ce za a nema a masana'anta. Ta sa su cikin leda, ta ɗora a saman kantar ɗaki inda ido zai gani, ta koma wurin kifinta.

Shiuli ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya san abin yi.

"Na tambaye ka fa, Abba," ta ce a hankali. "Na ce yaya zuciya ba ta da ko ɗaya. Ka ce Malam ya san abin da yake yi."

"Na faɗa."

Ta ɗauki littafin, ta kama shafukan da ba ta taɓa buɗewa ba tsakanin yatsu biyu, ta auna kaurinsu. Gefensu fari tas, sauran littafin duk ya yi baƙi da hannu. A waje mai sayar da kayan miya yana kira, wani yana zagin wani a kan hanya.

"Allon can na waye?"

"Ba na kowa ba."

"Zana mini zuciyar. Babba. Ta cikin littafin ta yi ƙanƙanta, idona yana haɗa layukan."

Ya jingine allon a bango, ƙarƙashin takardarsa. Ta riƙe masa littafin a buɗe. Yana taɓa buroshi ya nutsu. Ya ja da'irar, ya raba ɗakuna huɗu, ya fito da manyan jijiyoyi ta sama. Ɗaya gefen ya fi ɗaya kauri, ya ji buroshin yana so ya daidaita su.

"Bar shi haka," ta ce. "Haka yake."

Ya bar shi. Ja a inda ta ce ja, shuɗi a inda ta ce shuɗi. Tana karanto sunayen yana rubutawa, wasu ta yi tuntuɓe a kansu sau biyu kafin su fita. Da ya gama, rana ta sauka daga taga zuwa ƙafar gado. Zuciyar ta zauna a tsakiyar allon, a karkace, kusurwoyi huɗu duk fari fetal. Shi kansa bai san lokacin da buroshin ya koma cikin jan fenti ya nufi kusurwar sama ba.

"Abba."

Ya sauke hannun. Ya goge buroshin da tsumma, ya ajiye, ya karɓi littafin ya ɗora a gwiwa. Shiuli ta rufe ido ta fara kaɗa jiki. Jini ya shiga ɗakin dama na sama, ya sauka na ƙasa, daga nan ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Saura shafi hamsin da tara.

Wannan karon yatsansa yana kan layin.

"Huhu, Mamana," ya ce. "Daga nan huhu yake zuwa."