Inda Igiya Ke Kaiwa

Kamfanin ya ce duk wanda bai ci gwajin gilashi ba, ba zai ƙara hawa bene ba. Ƙasa zai dawo, wajen kwaɓa siminti. Birkilan da ake kira Dogo ya ji wannan magana. A sama ya yi furfura, kuma ƙugiyar bel ɗinsa na tsaro ba ta taɓa sanin ƙarfe ba, ado ce kawai a ƙugu.

A sito aka yi gwajin, tsakanin buhunan siminti da bokitan fenti. Malamar da aka turo ta ɗaura wa Dogo gilashin, mai nuna hoto kamar gaske, ya rufe ido ruf, ta danƙa masa abin riƙewa a hannu biyu. Ma'aikata suka cika ƙofa, ƙanensa Auta a gaba.

"Yaya, in ka faɗo ka faɗo kan yashi," in ji Auta.

"Rufe min baki, ɗan banza."

A cikin gilashin, sai ga Dogo a kan katako, can ƙololuwar gini, motoci a ƙasa kamar ƙwari. Gefensa wani mutum na jera bulo. Ƙafar mutumin ta zame. Kafin Dogo ya yi tunani hannu ya riga ya tafi, jiki ya bi hannu, su biyun suka yi ƙasa. Gilashin ya yi ja. Shi kuwa a sito goshinsa ya sami buhu.

Dariya ta tashi a ƙofa.

"Baba, ka maƙala ƙugiya tukuna, sannan ka miƙa hannu," in ji malamar.

"Kafin nan ai ya tafi."

"In ba ka maƙala ba, ku biyu za ku tafi."

Aka sake. Ya sake bin mutumin. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, don malamar ta ce saura dama ɗaya.

Ya share gumi, ya gyara tsayuwa. Da hawansa ya maƙala ƙugiya. Mutumin ya zame, Dogo ya zabura, igiya ta ƙare, taku ɗaya ya rage tsakaninsu. Ya tsaya yana kallo har mutumin ya ɓace. Gilashin ya yi kore.

"Ka ci, Baba."

"Shi fa?"

"Ai ba mutum ba ne. An yi shi ne don ya faɗi."

Dogo ya miƙa mata gilashinta, ya ɗauki hular kwano ya fita.

Da suka hau bene, ya maƙala ƙugiya, ya ja igiyar ya ga iyakarta. Auta na can kusurwa da cokalinsa na gini, bel na lilo a banza.

"Kai, maƙala naka."

"Yau kuma? Gilashi ya yi maka wa'azi ke nan."

"Maƙala, na ce. Sannan ka kwaso bulonka ka matso nan."

"Nan ɗin na gama shi tun safe."

"To ni zan matso."

Ya kwance ƙugiyar, ya tafi da ita ƙarfe bayan ƙarfe, a hankali, aikin da bai saba ba. Masu miƙo siminti daga ƙasa suka yi ta jira.