Malama Haulatu da Kujerar Riƙo

Ranar da aka ce Malama Haulatu ta je ta riƙe ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu, ba ta yi murna ba, ba ta kuma bari ƙawayenta sun rangaɗa mata guɗa ba. Ta haura shekara ashirin tana koyarwa a ƙasar Daura, ta san yadda kujerar nan take cin mutane.

Tana ƙarama ta ji labarin Malam Amadu na zamanin En'e, wanda yake zagaya makarantun ƙauye a kan keke, malamai na hango ƙarfen kekensa su ruga aji. Malam Jafaru ne ya ɗauke ta aiki, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare, aka rasa malamai har duk wanda ya iya rubutu mai kyau sai a miƙa masa alli. Shi ya fi kowa daɗewa a kujerar, shi ne kuma ya san kowane malami da sunan ubansa. Bayansa aka yi Alhaji Isyaku a zamanin soja, mutum mai shiru, wanda ya gane cewa shirun ne yake tsare masa aiki. Tun da farar hula suka dawo kuwa, kujerar ta zama kamar bencin tashar mota. Kafin mutum ya gama sanin hedimastocinsa an ce ya tashi wani ya zauna.

Ita ce mace ta farko, kuma riƙo aka ba ta.

"Ki zauna a hankali, Malama," in ji mijinta Malam Kalilu, wanda yake sayar da dabbobi a kasuwar Mai'aduwa. "Ki sa hannu a inda aka ce ki sa. Kafin ki ankara sun kawo nasu, kin dawo makarantarki lafiya."

Zaman ne ba ta iya ba. Ta shiga ofis ta zauna, fanka na juyawa a kanta, sai ta ji kamar an ɗaure ta. Ta miƙe ta leƙa taga, ta dawo, ta buɗe fayil ta rufe. A makaranta ƙarar yara ce take gaya mata ko aiki na tafiya. Nan kuwa ba ta jin komai sai ƙarar tafireta da gaisuwar masu neman a sauya musu wurin aiki.

Ana cikin haka wata safiya hedimastan Rijiyar Gawo, Malam Munzali, ya faka babur a ƙofar ofis ya shigo ko hularsa bai gyara ba.

"Ranki ya daɗe, 'yan matan sun tafi."

"Sun tafi ina?"

"Gida. Daga aji uku zuwa sama babu mace ko ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shari'a mutanen gari suke ta magana, yanzu sun yanke. Sun ce yarinya ta fara girma ba za ta zauna benci ɗaya da namiji ba, kuma mu malaman duk maza ne."

Kafin ya rufe baki ta ɗauki mayafinta. Ta sa aka tura tsohuwar a-kori-kurar ofis har ta tashi, suka kama hanyar Zango, suka ratse cikin gonakin gero.

A zauren mai gari aka shimfiɗa mata tabarma daga gefe. Ta zo da shirin gardama, ta jera ayoyi da hadisai a zuciyarta, amma liman, Malam Nasrullahi, bai ba ta wurin amfani da su ba.

"Hajiya, ba mu ƙi boko ba. 'Yata Hussaina tana cikin waɗanda aka cire, kuma kullum kuka take min. Mu ma muna so a samu 'yar garin nan da za ta duba matanmu a asibiti. Abin da muka roƙa ajinsu daban, malamarsu mace. Wanda ya gabace ki mun gaya masa, ya ce zai duba. Wanda ya gabace shi ma haka."

"Allah gafarta malam, in na kawo malamai mata, za ku dawo da su?"

"Ran da suka zo."

"To, za su zo," ta ce. Sai da ta shiga mota ta tuna ba ta san inda za ta samo su ba.

Ko da yake ta sani, tsoron faɗa take yi. A makarantun cikin gari akwai ajin da malamai mata uku suke raba shi, ɗaya na koyarwa, biyu na hira a baranda. Yawancinsu matan manya ne, ko ƙannensu, an ajiye su kusa da gida. Ta yi kwanaki tana kai da kawo, abinci ma ba ta zama ta ci, tana tsaye take kai loma. Daga ƙarshe ta zaɓi uku ta tura su Rijiyar Gawo.

Biyu ba su ma zo ofis ba, mazansu suka wuce wajen ciyaman kai tsaye. Ta ukun, Firdausi, yarinya ce matar wani kansila, ta zo ta tsaya gaban tebur tana hawaye.

"Mama, me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, 'yata. Na taɓa ganin kina koyar da lissafi, shi ya sa."

Da ciyaman ya kira ta, da fara'a ya tarbe ta, har ya sa aka kawo mata lemo.

"Hajiya, kin san mutanen nan su suka tsaya mana. Ki janye abin nan, mu nemi wata hanya a hankali."

"Ranka ya daɗe, wace hanya? In yaran nan suka yi damina a gida, ba za su dawo ba."

"Riƙo fa kike yi."

"Na sani. Amma na yi wa liman alkawari a gaban mutanensa."

Ya dube ta, ya dubi lemon da ba ta taɓa ba, ya ce to Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Kafin wata ya ƙare an kawo sabon sakataren ilimi a madadinta, wani Alhaji Jamaluddeen, mutum mai ladabi wanda bai taɓa riƙe makaranta ba. Aikinsa na farko shi ne mayar da matan nan uku inda suke. Da ta je miƙa masa makullai ya ce ta zaɓi duk makarantar da take so a cikin gari.

"Ka tura ni Rijiyar Gawo."

Ya ɗauka gatse take yi. Da ya ga ba ta murmusa ba, ya sa hannu.

A gida Malam Kalilu ya yi faɗa irin wanda bai taɓa yi ba. Ya ce mace mai jikoki, wadda jiya direba ke buɗe mata ƙofa, ita ce za ta riƙa cusa kai cikin motar haya da buhunan gyaɗa? Me za a ce da shi a kasuwa? Ta bar shi ya gama. Ya fita masallaci ya dawo, ya tarar tana tsakar gida tana zagaye, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗauki buta ta ajiye.

"Ke dai ba za ki bar mutum ya huta ba," ya ce. "Akwai Kabo direba, kullum da safe yana bin hanyar Zango. Zan ce ya riƙa ajiye miki gidan gaba."

Haka ta fara. Kabo ya sauke ta a mararraba, ta taka sauran hanyar tsakanin gonaki, raɓa na jiƙa mata bakin zane. Mai gari ya ba da tsohon zaurensa, aka share kashin awaki, Malam Munzali ya shafa baƙin fenti a bango. Liman ya cika alkawari, da kansa ya rako Hussaina. Sauran ba su zo a tare ba. Yau biyu, gobe ɗaya, wata ta zo ta yi kwana biyu ta ɓace sai Haulatu ta bi ta gida ta zauna da uwarta a bakin murhu. Aji uku da huɗu da biyar da shida duk a zaure ɗaya, ita kaɗai, ta ba waɗannan jimla ta juya ga waɗancan da karatu, kafin azahar muryarta ta dushe.

Wata safiya ta iso tasha ta ga Firdausi tsaye jikin motar Kabo, riƙe da jaka, tana kallon ƙasa.

"Mama, na gaji da zaman baranda. Maigidan ya ce in dai tare da ke zan riƙa tafiya da dawowa, ya yarda."

Haulatu ta matsa mata a gidan gaba.

Da suka zama biyu aikin ya yi sauƙi, amma hankalinta bai kwanta ba. A mota take jin labari daga bakin fasinja: ƙauye kaza ma sun cire 'yan mata, ƙauye kaza malamin bai zo ba tun shuka. Sai ta kama kanta a tsakiyar darasi tana tsaye bakin ƙofar zaure, alli a hannu, tana kallon hanya.

Bayan girbi aka rushe shugabannin ƙananan hukumomi, aka naɗa kantoma. Alhaji Jamaluddeen ya bi ciyaman, shi ma aka sauke shi. Ran wata Laraba a-kori-kurar ofis ta tsaya a ƙofar zauren, direban ya durƙusa ya ce kantoma na son ganinta, liman da mai gari sun je sun yi masa magana a mayar da ita ofis.

"Riƙo ne?" ta tambaya.

"Riƙo ne, ranki ya daɗe."

Ta ce ya jira a tashi. Ta koma ta ƙarasa darasin, ta duba rubutun kowace yarinya, sannan ta ja Firdausi gefe.

"Za ki iya?"

"Mama, ni kaɗai?"

"Na ɗan lokaci. In sun bar ni na yi wata biyu, zan turo miki wata. In ba su bar ni ba, kin san inda Kabo yake tsayawa."

Ta shiga motar. Suna isa mararraba direban ya karya kan mota zuwa gari, ta dafa masa hannun kujera.

"Yi hagu tukuna. An ce iska ta yaye rufin makarantar Tudun Kanya, yara na zaune a rana. Mu je in gani."

"Kantoma fa yana jira, ranki ya daɗe."

"Yana cikin inuwa. Mu je."