Ruwan da Yelwa Ta Leƙa

Dogo ya kurɓi ruwan, ya juya shi a baki, sai ya furzar da shi a gindin turmi.

"Wanga ruwa ba na rijiyarmu ne ba."

"To na wace rijiya ne?" in ji matarsa Yelwa, ba ta ko ɗago kai ba. Tana zaune bakin ƙofar ɗaki, tsinken kwalli a hannun dama, a hagu kuma wani ɗan abu mai ƙyalli da bai fi tafin hannu ba.

Tun da aka kawo ta gidansa a Wanke, lokacin ko Bature ba a sani ba a ƙasar, abu ɗaya Yelwa ke yi kowace safiya. Ta ɗebo ruwan randa a ƙoƙo, ta ajiye gabanta har ya kwanta, ta leƙa fuskarta a ciki ta zizara kwalli, sannan ta miƙa masa ƙoƙon ya sha ya tafi gona. Bai taɓa cewa yana so ba. Dogo ba mai irin wannan magana ba ne. Amma 'yan kwanakin nan sai a kamfato daga randa a miƙo masa, kamar yadda ake ba matafiyi.

"Wa ya ba ki madubi?"

"Kulu."

"Ita ina ta samu?"

"Mijinta ya kawo mata biyu daga Gusau."

Attahiru ke nan. Tare aka yi musu kaciya da Dogo, tare kuma suka yi ta zarya ƙofar gidan su Yelwa a Karakkai. Dogo ne ya samu, don shi yana da rumbu, Attahiru kuwa baki kawai gare shi. Yanzu bakin nan ya kai shi ga zama mai sayen gyaɗa na wani kantin Turawa a Gusau, yana yawo da laima da takalmi mai ƙara. Duk wannan Dogo yana haɗiye shi, tun da dai abin da suka nema tare yana gidansa. Sai ga shi yau matar tana duban kanta a cikin kayan Attahiru.

Ya miƙa hannu ya fizge madubin, ya jefa a aljihu.

"Malam, ban gama ido ɗaya ba."

"Ki gama da abin da kika saba."

Ya ɗaura wa jaki taikin gyaɗa, ya kama hanyar Gusau, ruwan nan bai sha ba.

Rana ta take lokacin da ya shiga gari. Tun da aka fara aikin hanyar jirgin ƙasa, Gusau ta cika da baƙi, komai ya yi tashin hauka. Maƙogwaronsa ya bushe ƙamas. A bakin kasuwa ya ga wata mata da tulu, ya ce ta taimaka masa da ruwa.

"Anini, Baba."

"Aninin mi?"

"Na ruwa mana."

"Ruwa? Ruwan Allah? Da can, in baƙo ya wuce ƙofar gida ba a tsai da shi ya sha ba, sai unguwa ta yi da mutum."

"Da can ba ni nike ɗauko shi daga gulbi ba," in ji ta, ta juya ga wani.

Dogo ya tsuke baki ya ja jakinsa.

Ya iske Attahiru ƙarƙashin tsamiya, zaune a buzu kusa da sikeli, manoma sun kewaye shi da taikunansu.

"A'a! Dogo na Wanke! Yau wace rana! Ku ba shi hanya, abokina ne tun muna tsirara. Sauke kayan a auna maka."

Dogo bai taɓa taikin ba. Ya zaro madubin ya aza a kan sikeli.

"Wanga za ka auna. Kayanka ne. Gidana ba a karɓar sadaka."

Manoma suka zuba ido. Attahiru ya dubi madubin, ya dubi Dogo, sai ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Don wanga kat taso daga Wanke cikin rana? Ni Kulu na ba. Abin da mata ka yi da kayansu, ni ina ruwana?"

"Ka san inda zai je. Shi ya sa ka sayi biyu. Kulu fuska biyu gare ta?"

Wani a baya ya ƙyalƙyale. Attahiru ya tashi, ya ja hannun rigar Dogo zuwa bayan itacen, ya sassauta murya. Da ma zaginsa ya yi a gaban jama'a da ya fi wa Dogo sauƙi.

"Kai dai ba ka canzawa. Ran sunan gidan Sahabi, Yelwa ta taho da kwalli har bisa kunci, mata suna ta ƙunshe dariya a bayanta. Idonta ya fara hazo, Dogo. Ba ta ganin kanta cikin ruwa yanzu. Kai ba ka lura ba?"

Dogo ya zare hannun rigarsa. Attahiru ya ci gaba.

"Kulu ta ce Yelwa ta roƙe ka ka sayo mata madubi. Kac ce a da da wuri ashirin ake cika tandu da kwalli, kuma ba wanda ya mutu don bai da madubi."

Maganarsa ce, ba ragi ba ƙari. Ya tuna ranar, yana gyaran ƙotar fartanya, ya faɗe ta bai ko waiwaya ba. Amma ba tunawar ce ta ƙona shi ba. Abin da ya ƙona shi, wai Attahiru, da ke kwana a Gusau, ya san halin da idon Yelwa ke ciki, shi da ke shan ruwa daga hannunta kullum bai sani ba. Ashe an zauna a wani gida an yi hirar idon matarsa.

"Riƙe abinka," in ji shi.

"To kawo gyaɗar mana, in yi maka farashin gida."

Dogo ya ja jakinsa ya wuce shi, ya kai wa wani mai sikeli a can ƙarshen layi, wanda kowa ya san yana tauye manoma. Ya karɓi abin da aka ba shi bai yi musu ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara zuwa kasuwa.

Daga nan sai rumfar 'yan koli. Ya tsaya gaban wani da ya baje allurai da duwatsun wuya da turare.

"Madubi. Babba."

Ɗan koli ya miƙo ɗaya. Dogo ya aza shi a tafin hannu ya gwada. Daidai da na Attahiru.

"Na ce babba."

Aka zaro wani daga cikin tsumma, mai bakin ƙarfe, ya kusa faifan rufe ƙwarya.

"Sule biyu."

"Sule biyu! Da abin da bai kai haka ba na sayi tunkiya da ɗanta kafin shekarar yunwa. Kaza wuri ɗari biyu. Goron da za a kai gaisuwar surukai..."

"To Baba, koma shekarar ka sayo," in ji ɗan koli, ya fara naɗe abinsa.

Dogo ya dafe tsumman. Ya kwance bakin lalita yana huci, ya biya. Garin karɓa ya yi arba da wani tsoho a cikin madubin, gemu duk furfura, ido ja wur, leɓe a tsattsage. Ya yi sauri ya kifa shi a ƙirji.

Mai tulun nan tana nan inda ya bar ta. Ya wuce ta ya kau da kai. A hanya ya bi ta gaban rijiyoyi, har wani makiyayi mai shayar da shanu ya miƙo masa guga, ya ce ya gode. Shi kansa bai san abin da yake yi wa taurin kai ba.

Rana ta yi ja sa'ad da ya shiga gida. Yelwa na tankaɗe a tsakar gida, ido ɗaya da kwalli, ɗaya babu, yadda ya bar ta. Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ya ajiye ƙunshin a kan tabarmarta.

"Na gidan nan ne. Ba na kowa ba."

Ta kwance tsumman. Ta daɗe tana duba, ta matso da shi, ta nisanta, ta shafa gefen idonta da yatsa.

"Nawa?"

"Kada ki tambaye ni."

"Kai da tandun wuri ashirin?"

"Na ce kada ki tambaye ni. Ba ni ruwa."

Muryarsa da ƙyar take fita. Ta tashi ta kamfato a ƙoƙo ta miƙo. Ya karɓa da hannu biyu, amma duk da ƙishin bai kai baki ba. Ya durƙusa ya ajiye ƙoƙon a ƙasa tsakaninsu, ya jira har ruwan ya kwanta.

"Leƙa tukuna."

"Malam, ai ba ni ganin komai a ciki."

"Ni ban ce ki gani ba."

Ta dube shi, ta dubi ƙoƙon. Sannan ta gyara ɗankwali ta sunkuya. Daga inda yake, Dogo ya ga fuskar ta sauko cikin ruwan, ido ɗaya baƙi, ɗaya fari. Ya bari ta ɗago, ya ɗauka ya shanye tas.

Ya goge gemu da bayan hannu.

"Wanga na rijiyarmu ne," in ji shi.