Kabarin da Ba Kowa a Ciki

"Yallaɓai, wallahi babu kowa a wurin nan. Ƙasa ce zalla," in ji Kafinta, yana tsaye gaban teburin jami'in kula da kayan tarihi.

Jami'in ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce ai allo na nan a kafe, kuma abin da aka rubuta a jiki ba ƙasa zalla ba ne.

A can gida kuwa har an gama yi wa Baba Maigadi wanka, ana jira. Katanga ɗaya ta raba shi da Kafinta. Shekara arba'in tsohon ya yi yana gadin tsohuwar maƙabartar garin, ya san makwancin kowa fiye da yadda 'ya'yansu suka sani. Da matarsa ta rasu aka sa ta a gindin wata tsamiya, ya bar wa kansa gurbi a gefenta. Wuri ya yi ƙaranci, masu haƙa suka sa wa gurbin ido. Don ya kore su, sai ya ce da mutum a ciki, wai maƙerin da ya ƙera ƙofar garin ta farko.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma baƙi suka fara zuwa ganin tsohon gari, ɗalibai da masu bincike, su zaga ganuwa da lunguna, su ƙare a maƙabarta. Baba kuma akwai baki. Duk zuwa sai maƙerin ya ƙara tsawo da jarumta. Hukuma ta ji, ta kewaye gurbin da ƙarfe, ta ce a yi allo. Kafinta ne ya yi shi da hannunsa, ranar har suka yi ta dariya su biyu, Baba yana cewa ga shi ya samu masu yi masa gadi.

Kwanan Baba tara a kwance kafin ya rasu, ƙafafu a kumbure, makullan maƙabarta rataye a ƙusa saman kansa. Ran na takwas ya kama hannun Kafinta.

"Kai kaɗai ka san wurina. Kada ka bari su kai ni bayan tasha."

Kafinta ya ce ya kwantar da hankalinsa, in Allah ya yarda. Abin da ya kawo shi ofis ke nan.

Jami'in ya jawo wani fayil, ya ce marigayin da bakinsa ya ba su tarihin, suna da muryarsa a naɗe, an buga a takardar da ake raba wa baƙi. Sannan ya dube shi.

"To yanzu me kake so in rubuta? Cewa mamacin maƙaryaci ne?"

Kafinta ya tuna da Baba. Mutumin ko likkafani bai gama zama a jikinsa ba.

"Ƙarya ya yi, yallaɓai," ya ce. "Ni ma da ni."

Ya faɗa, bai kuma tsira da komai ba. Jami'in ya ce sai kwamiti ya zauna, watakila wata mai zuwa, ya yi masa ta'aziyya a taƙaice. Gawa dai ba ta jiran kwamiti. Bayan azahar aka kai Baba sabuwar maƙabarta ta bayan tasha, fili fetal, ko itace ɗaya babu. 'Yarsa ta tambayi Kafinta ko an sa shi kusa da Inna. Ya ce Allah bai nufa ba. Baƙin ciki ya hana shi cin abinci ranar, don ya saɓa alkawari, ya kuma zubar wa tsohon mutunci a banza.

Ran sadakar uku ya je miƙa makullai ga sabon mai gadi, ya tarar da baƙi cike a gindin tsamiyar. Wata mata tana karanta musu labarin maƙerin daga takarda. Wani mai ƙaton takalmi ya yi ta ja da baya don allon ya fito sosai a hoto, har ya hau ɗan tudun da ke gefe, ya tsaya a kai. Bai san kabari ba ne, ruwan shekaru ya kusa shafe shi.

Kafinta ya jira har suka wuce. Sannan ya tsuguna, ya sa tafin hannu yana share sawun takalmin daga kan matar Baba.