Allurar Shanu

Gwadabe yana ƙwanƙwasa sirinji da farce lokacin da Tasi'u ya yi sallama a bakin zauren. Aka amsa masa ciki-ciki. Sirinjin irin na shanu ne, mai kaurin rake, ruwan cikinsa kuma launin zuma. A kan tabarma Ƙasimu, yayan Gwadabe, yana kwance rigingine, an ɗora ƙafarsa ta hagu a kan buhun dusa. Daga gwiwa zuwa idon sawu an feshe ta da maganin nan mai ruwan shuni da ake fesa wa dabba idan ta ji ciwo. Shunin bai hana ƙudaje ba, bai kuma rufe warin ba.

"Malam Ƙasimu, ya jiki?"

"Jiki yana inda ka ajiye shi," in ji Ƙasimu, idonsa a kan azara.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tasi'u fataucin shanu yake yi, Ƙasimu kuwa mai igiya ne a Kara, kasuwar shanu, yana cikin masu loda dabbobi a tirela ranar Juma'a. Bijimin Tasi'u ne ya maƙure shi a jikin ƙarfen mota ya taka ƙafar, ƙashin ƙauri ya huda fata ya fito, a wurin da ƙasar kanta rabinta kashin shanu ce. Tasi'u ya ce ya yi gargaɗi cewa bijimin yana da faɗa. Ƙasimu ya ce ƙarya ne, ɓoyewa ya yi don kada mai saye ya fasa. Babu na ukun da ya ji, shi kuma bijimin tuni ya isa Legas.

A asibiti an wanke ciwon a ɗakin tiyata, aka yanke naman da ya mutu, aka sa masa ƙarin ruwa da allurai ta jijiya. Likita ya yi bayani a gaban kowa: karayar da ta buɗe ba irin wadda ake ɗaurewa a manta ba ce, datti ya riga ya shiga ƙashi. An aika ruwan ciwon gwaji don a gane irin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta, kuma za a sake shiga a wanke kafin a kafa masa ƙarafa. Kafin sakamakon ya fito, wata ma'aikaciyar jinya ta yi suɓutar baki ta ce Allah ya saka wa maƙwabcinsa da alheri, shi ke kawo magungunan. A ranar Ƙasimu ya cire allurar hannunsa da kansa, ya sa aka dawo da shi gida.

"Mota tana waje," in ji Tasi'u. "Sakamakon ya fito. Sun ce maganin da ake sa wa dabba ba ya taɓa wannan ƙwayar."

Gwadabe ya yi dariya. Shagon maganin dabbobi gare shi a bakin Kara. "Alhaji ya zama likita! Da wannan na tayar da saniyar da kura ta yage wa cinya. Nama ai nama ne."

"Yayanka ba saniya ba ne."

"Ranar da aka take shi ka san da haka?"

Tasi'u ya durƙusa kusa da tabarmar, yana numfashi ta baki. Bandejin ya jiƙe da mugunya, yatsun ƙafar sun kumbura suna ƙyalli.

"Ƙasimu, ka tsane ni, na ji. Je ka warke, ka dawo ka tsane ni a tsaye."

Sai a lokacin Ƙasimu ya juyo. Leɓɓansa sun tsage. "In warke da maganinka? Gobe ka zauna a majalisa ka ce kai ka karya ni, kai ka ɗora ni? Duk inda na taka a ce ƙafar Tasi'u ce ke tafiya? Gwadabe, soka min."

Gwadabe ya soka a cinya. Ƙasimu ya cije haƙori, bai yi ko tari ba.

Daga bayan labulen da ya raba zauren da cikin gida, Yelwa matar Ƙasimu ta ce, "Alhaji, an gode da dubiya. A ja mana ƙofa, ƙudaje."

A kwanakin da suka biyo baya Tasi'u ya aika liman, aka karɓe shi da mutunci aka sallame shi. Ya aika shugaban masu igiya, aka ce masa shi ma ya ci goron Alhaji. A masallaci mutanen unguwa suka soma barin tazara tsakaninsu da shi a sahu. Wari ya tsallako katanga. Sakina matar Tasi'u ta daina shanya a wannan ɓangaren. Da rana suna jin Ƙasimu yana kiran shanu cikin zafin zazzaɓi, yana ba yaran lodi umarnin su saki igiyar baya.

Wata safiyar Talata, Gwadabe ya tafi Lajawa yi wa wani garke allura. Da hantsi Yelwa ta shigo gidan Tasi'u, mayafinta a karkace. Ba ta gaida kowa ba.

"Ba ya gane ni. Tun jiya bai yi fitsari ba. Ka fito da motar." Ta ɗaga yatsa. "Amma kada ka yi magana. Kada ka waiwayo. Ba don kai na zo ba."

Maƙwabta suka ɗauko shi da tabarmarsa, aka kwantar da kujerun baya. A asibitin garinsu suka duba shi, suka sa masa ruwa, suka rubuta a wuce da shi Kano. Tasi'u ya ja hularsa ƙasa, ya juya madubi. Suna hawa gada iskar kogi ta shigo ta taga, Ƙasimu ya buɗe ido.

"Yelwa, motar wa?"

"Ta haya ce, Malam."

"Direba, sannu da aiki."

Tasi'u ya ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari ya mayar.

"Bebe ne?"

"Mura yake yi."

"To ka ji, direba. Akwai wani a unguwarmu, Tasi'u. In ka taɓa ɗaukarsa, ka wanke kujera." Ya ja numfashi yana haki. "Bai gaya min bijimin yana da faɗa ba. Wallahi bai gaya min ba."

Kalmar ta zo wa Tasi'u har bakin haƙori. Ya tuna wurin da ya tsaya a Kara, ya tuna ƙarar injin tirela da ihun masu kora. Ya faɗa, wannan bai da shakka. Ko ya ɗaga murya yadda za a ji, wannan ne bai sani ba. Ya wuce wata motar yashi, bakinsa a rufe, har suka shiga Kano.

Likitan da ya karɓe su ya kwance bandejin, ya dubi shunin, ya tambayi abin da aka yi ta soka masa. Yelwa ta faɗa. Bai yi tsawa ba. Ya ce cutar ta bar ƙashi ta shiga jini, ƙoda ta soma tsayawa. Za a sa magani mai ƙarfi, in jikin ya ɗauka a yanke ƙafar daga saman gwiwa. Yelwa ta dangwala yatsa a takarda. Jikin bai ɗauka ba. Ƙasimu ya cika washegari kafin azahar, ƙafar tana jikinsa.

A motar asibiti aka dawo da shi, Gwadabe ya hana a sa shi a ta Tasi'u. A ƙofar gida, mutane suna jiran a gama wanka, Gwadabe ya tsaya a tsakiyar titi yana magana da kowa ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ciwon ya soma bushewa. Na rantse ya soma bushewa. Na juya baya kawai aka sace shi. Wanda ya fara aikin shi ya ƙarasa."

Liman ya ce ya yi wa Allah ya yi shiru, akwai gawa a ciki. Ya yi shiru. A hanyar maƙabarta, inda kowa ke sa kafaɗa ya ɗauki makara ya ba na baya, Tasi'u ya matso sau ɗaya. Gwadabe ya sa gwiwar hannu ya tare wurin. Tasi'u ya koma baya cikin masu tafiya hannu sake.

Da la'asar Sakina ta yi abin da maƙwabta ke yi wa gidan rasuwa. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta zuba a babbar kula ta miƙa da kanta. Da ta dawo ta ce Yelwa tana zaune a ƙuryar ɗaki, ba ta ɗago ba.

Tasi'u ya fito zai tafi magariba, ya yi tuntuɓe da wani abu a dokin ƙofarsa. Kular ce. Ya tsuguna ya buɗe. Malmalar tuwon na nan a jere yadda aka sa su, man miyar ya daskare a sama, tururuwa sun soma hawa murfin.