Manhajar Auta

Shekara da shekaru Yaya ce ke ɗawainiyar mahaifiyarsu. Ita ke rufe shagon ɗinkinta ta kai Umma asibiti, ita ke bin layin maganin hawan jini, ita ke shan faɗa in ta rage gishiri a girki. Sai ga Auta, ƙanwarta mai aiki a wani gari, ta zo hutu, ta sa wa Umma wata manhaja a waya, ta koma abinta.

Manhajar ba ta da wani aiki sai tuni. In lokacin magani ya yi ta yi ƙara, in an auna jini a asibiti a shigar mata da sakamakon. Amma duk baƙon da ya shigo sai Umma ta ɗaga masa wayar.

"Kin ga abin da Autata ta yi min? Tana can nesa, amma ba ta bari in manta da magani."

Yaya na gefe tana ninke kayan Umma. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ita da bakinta ya bushe da tuni, ko sannu ba ta taɓa samu ba.

Ran nan ta tafi shago da wayar Umma, ta ture keken ɗinki, ta shiga laluben manhajar da za ta binne ta Auta. Ta samo wata mai tarin taurari da yabo, wadda ta ce ɗora yatsa kawai za a yi a fuskar waya ta auna jini. Manhajar ta nemi izinin ganin hotuna da lambobin mutane, Yaya ta danna mata duka ba tare da ta karanta ba.

Da yamma Umma ta ɗora yatsa. Wayar ta yi ta walƙiya, sannan ta nuna kore: lafiya lau.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Wannan ai ta fi ta Auta. Waccan sai ƙara kamar mai bin bashi."

Yaya ta koma gida kamar an yi mata albishir. Kullum aka auna, kore. Har wata safiya Umma ta ture ƙwayoyinta, ta ce tunda ta warke, shan me za ta yi?

Yaya ta lallaɓa ta ta sha, ta karɓi wayar ta tafi shago da ita. Ta ɗora nata yatsan, kore. Ta ɗora na maƙwabciyarta mai kitso, kore. Ta ɗauki jiƙaƙƙen ƙyallen da take guga da shi ta danna a kai. Manhajar ta ce jinin ƙyallen lafiya lau, ta ƙara da tallan maganin rage tumbi.

Mai kitso ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaya ba ta yi ba. Ta nufi kemis.

Mai kemis ya duba wayar ya ce, "Hajiya, kafin ki yarda da irin wannan, ki duba wa ya yi ta. Wannan ba sunan asibiti, ba na likita. Me kuma ya haɗa awon jini da hotunanki? Taurari kuwa har sayensu ake yi." Ya buɗe ɗaya manhajar. "Wannan fa, wa ya sa mata?"

"Ƙanwata."

"Ta iya zaɓe. Wani asibitin koyarwa ne ya yi ta, ga sunansu nan, kuma ba ta yi alkawarin abin da ba za ta iya ba."

Ko shi ma Auta yake yabo. Yaya ta goge tata manhajar da hannunta, ta sayi na'urar awo ta gaske, mai ɗaurawa a damtse.

A gida ta naɗe hannun Umma ta auna. Jinin ya ɗan hau. Ta shigar da sakamakon cikin manhajar Auta, tana danna wayar kamar ita ta yi mata laifi.

Umma ta kira Auta a bidiyo. "Ashe taki ce ta gaskiya, 'yar albarka. Ga shi har an sayo min na'ura."

"Wa ya sayo?" in ji Auta.

"Yayarki mana. Wa kuma zai sayo?"

"Ba ni ita mu gaisa."

Yaya ta ce hannunta da ruwa. Ta shige kicin ta kunna famfo, ta tsaya tana jiyo dariyarsu ta cikin ƙarar ruwan.