Dardumomin Hajiya Mas'uda

Dogara yana tsakiyar aske gemu kwalba ta farko ta fashe. Ya tsaya da reza a hannu yana sauraro, yana fatan tayar keken wani ce a ƙasan bene. Sai ta biyu ta amsa mata, ta uku ta biyo baya, daga nan abin ya zama kamar maharba sun ritsa ɓauna. Ya san inda ƙarar take fitowa. Babu wanda ya kai shi sani, tunda shi ya jera kwalaben da hannunsa.

Ya tura ƙofar sito da kumfar sabulu a rabin fuskarsa. Daga saman kanta wani ruwa ja-ja yana gangarowa a nutse, kamar ba shi da laifin komai, yana sauka cikin buɗaɗɗun kwalayen da ke ƙasa. A cikin kwalayen nan dardumomin sallah ne, kore da ja da ruwan goro, kowace da hoton hasumiya, sai sheƙi suke yi saboda jiƙa.

Gidan na Alhaji Ghali ne, mutumin Kano mai kamfanin tura kaya Najeriya, wanda ya kama hayarsa a bayan kasuwar Shahe, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Babban ɗakin shi ne sito, ƙaramin kuma na Dogara, wanda yake tafinta, yake gadi, yake ɗaurin kaya, kuma Alhaji yake kira Injiniya idan yana son ya tuna masa inda boko ya kai shi. Injiniyan ne kuwa na gaske. Gwamnati ce ta turo shi Sin yana saurayi ya koyo aikin masaƙa, ya koma Kaduna ya yi aikin har ranar da aka rufe masaƙar. Yanzu, da furfurarsa, shi ke taimaka wa 'yan kasuwa su sayi irin yadin da ya rufe ta. Takardar zamansa a ƙasar da sunan kamfanin Alhaji take, kuma wata mai zuwa za a sabunta ta.

Dardumomin kuwa na Hajiya Mas'uda ne, 'yar Kantin Kwari, ta saye su don kasuwar azumi. Da yammacin ranar za a rufe kwantena. In suka rasa wannan jirgi, sai bayan sallah.

Abin da ke gangarowa sunansa Shaho, ko kuma abin da Dogara ke fatan ya zama Shaho. Giya ce da ake yi a Kaduna a da, mai duhu, mai ɗan ɗaci, mai hoton tsuntsun a wuyan kwalba. Ita yake sha ranar Asabar a wata rumfa a Kakuri tare da abokan aikinsa. Kamfanin ya mutu jim kaɗan bayan masaƙar, wataƙila don masu shanta sun daina samun albashi. Abokan sun watse, rumfar ta koma shagon faci. Giya dai ba ta yi wuya a Guangzhou ba, tana nan kowane lungu, ta fi ruwan roba araha. Amma Dogara ba giya yake nema ba, Shaho yake nema.

Ya daɗe yana gwadawa. Da farko ya sayi sha'ir mai kyau da furen ɗacin da ake sa wa giya, ya dafa a tukunyar miya, ya tace da tsohuwar singileti, ya samu abin da Bajamushe zai sha ya yi godiya. Amma ba Shaho ba ce. Sai wata rana a cikin bas ya tuna cewa Shahon da ya sani ta bayan an hana shigo da sha'ir Najeriya ce, lokacin da kamfanoni suka koma dawa don dole. Ashe abin da harshensa ke kewa ba gwaninta ba ce, maneji ne. Ya bi kasuwar hatsi shago-shago ana ce masa meyo, wato babu, har ya dace da wata tsohuwa mai jar dawa. Ya tsirar da ita a jiƙaƙƙen buhu ƙarƙashin gadonsa. Da ya zo ɗurawa a kwalba sai ya tuna yadda Shaho ke kumfa, ya saki hannu wajen zuba sukari. Ya ajiye kwalaben a saman kantar sito don nan ne rana ba ta dukawa. Ya manta cewa zafin watan Satumba a garin nan ba ya buƙatar taga.

Ya durƙusa zai ɗaga kwalin farko, hannunsa ya jiƙe. Bai yi shawara da kowa ba ya kai yatsa baki.

Ita ce. Ɗacin nan da ke zuwa a makare, da ɗan ƙaurin nan kamar na ƙanzon tuwo. Ya ji rumfar Kakuri gaba ɗayanta, har da benci mai ƙafa uku da dutse. Ya zauna daɓas cikin fasassun kwalabe.

A haka Alhaji Ghali ya same shi wajen hantsi.

"Innalillahi! Injiniya, me zan gani haka? Wannan warin fa?"

"Giya ce, Alhaji."

"Giya? A sitona? Ba kai ka ce mini bokitin nan na banɗaki maganin basir kake haɗawa ba?"

"Na ce."

"Har na ce ka ɗiba mini!"

"Shi ya sa na ce maka bai nuna ba."

Alhaji ya cire hula ya share goshi ya mayar. Ya girmi kasuwa a wayo amma Dogara ya girme shi a shekaru, don haka zagin da ya taso masa ya tsaya a maƙogwaro. Ya zagaya kwalayen yana ɗage ƙafar wando. Dogara yana kallon yadda salatin ke raguwa a bakinsa, lissafi yana ƙaruwa a idonsa.

"Ba duka suka jiƙe ba. Kawo fanka. Kawo dutsen guga. Ka sauka wajen Balaraben nan ka sayo turare, mai ƙarfin da zai sa mutum atishawa. Kafin la'asar sun bushe, mu naɗe mu rufe."

"Alhaji, sallah za a yi a kansu."

"Kai za ka koya mini? Kai da rabonka da coci tun kana Kaduna?"

"Wanke su ake yi. A Tudun Wada na tashi, na ga yadda ake yi ko fitsarin jariri ne."

"To wanke mana! A garin da ake shanya riga ranar Litinin a cire ta Alhamis da ɗanshi. Jirgi zai tsaya jiranka ne? Saurara, wanda ya yi sallah a kai bai sani ba, babu komai a kansa. Na tambayi malamai."

"Yaushe?"

"Zan tambaya." Ya matso, ya sassauta murya. "Injiniya, Hajiya ita ce rabin kwantenar nan. In ta tafi, sauran matan Kwari bin ta za su yi. In kamfani ya rufe, sunan wa za a rubuta a takardarka? Ka koma Kaduna ka yi me, faci? Na rufa maka asiri, ka rufa mini. Shi ke nan."

Dogara ya sauka ya sayo turaren. Ya share kwalabe, ya goge daɓe, ya jera dardumomin a gaban fanka yana bin su da guga ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda dutsen ya hau sai ta saki wani tururi mai zaƙi, shi kuma ya bi ta da feshi. Yana yi yana gaya wa kansa cewa ba addininsa ba ne, ba kayansa ba ne, ba goshinsa ba ne zai sauka a kai. Hujjoji ne masu kyau, irin waɗanda mai digiri ke iya jerawa. Zuwa azahar siton ya koma wari kamar ɗakin amaryar da ta auri mashayi, zuwa la'asar kuma mashayin ya fita, saura amaryar.

La'asar ta yi sakaliya Hajiya Mas'uda ta iso daga Shiling, inda ta wuni cinikin jakunkuna. Tun daga matakala ake jin ta tana yi wa gwiwoyinta faɗa. Mace ce mai jiki, mai tabarau a igiya, wadda masu shagunan Shahe ke kira lauban, wato shugaba, tun kafin ta buɗe baki.

"Wash! Alhaji Ghali, duk gidajen ƙasa na garin nan sun ƙare ne? Sannu Malam Dogara. Kai, wannan turare haka, gawa kuka ajiye?"

Alhaji ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. "Kyautar kamfani ce, ranki ya daɗe. Mun ce bari mu ƙamsasa miki su, mai saye yana buɗewa ya ji Madina."

"Iye! Ashe kun fara hankali." Ta shinshina ɗaya, ta gyaɗa kai. Ta shafa gashin, ta duba ɗinkin baki, ta leƙa sauran kwalayen. Babu abin da ta gani. Dogara bai san ko sauƙi ya ji ko kishiyarsa ba.

"To ku rufe. Amma tsaya, la'asar za ta wuce ni, direban nan bai san a tsaya ba. Da alwalata. Ina gabas ɗinku?"

Alhaji ya nuna mata kusurwar da ake fuskanta, wadda a ƙasar nan yamma ce. Ta zaro wata koriya daga kwalin da ya fi kowanne shan Shaho, ta kaɗa ta, ta shimfiɗa. Ta zame takalmi. Ta gyara mayafi.

Dogara ya kalli Alhaji. Alhaji yana kallon silin, kamar yau ya fara ganinsa.

"Hajiya, kada ki hau wannan."

Ta juyo da ƙafa ɗaya a sama. "Me ya same ta?"

"Giya ta zuba a kai. Da ita da yawancin sauran. Tawa ce, ni na haɗa, ta fashe da safe. Turaren don a rufe warin ne."

Hajiya ta mayar da ƙafarta ƙasa a hankali. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi zagi ba. Ta sa tabarau ta dubi Alhaji.

"Ka sani?"

"Hajiya, wato, yadda abin yake..."

"Ka sani."

Ta buɗe jakarta ta ciro wani zane, ta shimfiɗa shi can bakin ƙofa inda ruwan bai kai ba, ta tayar da sallah. Maza biyun suka tsaya kamar masu jiran sakamakon asibiti. Da ta sallame ta daɗe tana addu'a, sannan ta miƙe da taimakon bango.

"Dardumomin nan ba za su bi jirgin yau ba. Azumin bana ya wuce ni, Allah ya sa haka ne alheri. Sauran kayana kuma gobe zan turo a kwashe, wajen Saddique zan kai, mutumin Kumasin nan mai tura kaya."

"Haba Hajiya, shekara da shekaru..."

"Shekara da shekaru ina hawa benen nan da gwiwar nan, Ghali."

Ba ta ce Alhaji ba. Ya ji, ya haɗiye. Ya juya wajen Dogara, muryarsa a sanyaye kamar mai karanta sanarwar rasuwa.

"Injiniya, ka kyauta. Ranar Juma'a ina son makullina. Takardarka kuma ka nemi wanda zai sa mata hannu." Ya sauka, takalminsa yana duka matakala ɗaya-ɗaya.

Dogara ya raka Hajiya da jakarta har bakin titi. Kekuna suna wucewa da dilolin kaya sun fi masu tuƙa su tsawo. Ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, ko za ki buƙaci tafinta? Ko ki yi mini magana wajen Saddique?"

Ta dube shi da tausayi na gaske, wanda shi ne ya fi ciwo.

"Malam Dogara, abin da ka yi mini yau ɗan'uwana Musulmi bai yi ba. Allah ya saka maka, ya shirye ka. Amma labarin nan zai riga ni sauka Kano. Mai sayar da darduma da mai dafa giya? Ko Saddique, wa zai ba shi kaya in kana sitonsa?" Ta karɓi jakarta. "Abu ɗaya zan roƙe ka. Kai ka ɓata su, kai za ka wanke. Ruwa zalla, mai gudu. Kada ka bar ko ɗaya sai ka shinshina ka ji babu warinta ko kaɗan. Na yarda da hancinka, ka fi ni sanin abin."

Ya kwashi dardumomin kwalin farko ya hau rufin bene, inda famfo yake tsakanin igiyoyin shanyar maƙwabta. Sama ta yi fari fat, iska ba ta motsi. Ya shimfiɗa koriyar nan ya sakar mata ruwa. Turaren ne ya fara tafiya, don shi na sama ne. Da ya tafi sai Shaho ta taso daga cikin zaren, cikakkiya, ta cika masa fuska. Ya tsaya da tiyo a hannu. Bai auna dawar ba, bai auna sukarin ba, ba shi da inda zai sake tsirar da komai bayan Juma'a.

Ruwan ya bi ta magudana ja-ja, sannan ruwan shayi, sannan fari. Ya durƙusa, ya kai hancinsa daidai inda goshi ke sauka, ya ja numfashi mai tsawo. Akwai saura kaɗan. Ya ƙara ruwa, ya murza, ya sake durƙusawa.

Wannan karon babu komai, sai warin jiƙaƙƙen zare. Ya rataye ta a igiya, ya jawo ta gaba.